Yaron da Ke Zuba a Waje, Ya Yi Gum a Ajin Turanci

 

Duk wanda gidansa ke kusa da makarantar sakandare ya san lokacin da aka tashi tara ko bai duba agogo ba, hayaniya ce za ta gaya masa. Samari sun yi da'ira suna gardamar Arsenal da Chelsea, kowa jijiyar wuya a tashe, ba mai barin wani ya kai aya. 'Yan mata suna gindin darbejiya, ɗaya tana ba sauran labarin fim ɗin da ta kalla jiya, har da kwaikwayon muryar uwar miji. A kaɗa ƙararrawa, a koma aji, malamin Turanci ya shigo ya rubuta batu a allo, ya juyo ya ce wa zai tashi ya yi magana a kai. Nan take sai ka ji tsit, kamar ruwa ya cinye su. Wanda ya fi kowa zuba ɗazu shi ne ya sunkuyar da kai yana ƙirga layukan littafinsa. Wata ta ja hijabi ta rufe rabin fuska. Malam ya duba gabas ya duba yamma, daga ƙarshe ya kira ɗaya daga cikin yara ukun nan na bencin gaba da kullum su ke amsawa, darasi ya ƙare a haka. In ya koma ofishin malamai ya ce yaran nan kunya ta yi musu yawa. In kuwa ransa ya ɓaci sosai, ya ce daƙiƙai ne.

Na yi shekaru ina koyar da Turanci a makarantar gwamnati, kuma da bakina na sha faɗin wannan magana. Yau na zo in ce na janye ta.

Kunya a wurinmu ado ce. Yaro ba ya ƙura wa babba ido, ba ya katse masa magana, ba ya ɗaga murya a gabansa. Ba na neman a taɓa wannan, Allah Ya ƙara mana ita. To amma mu bi yarinyar nan mai rufe fuska mu ga inda take zuwa da yamma. Islamiyya take zuwa, kuma a can muryarta har bakin titi. Tun 1986 ake gudanar da musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kuma duk wanda ya taɓa halarta, ko a matakin ƙaramar hukuma ne, ya ga 'yar shekara goma sha huɗu ta zauna gaban alƙalai da sarakuna da taron jama'a, an sa mata lasifika a baki, ta ja baƙi murya ba ta rawa. Ina kunyar ta tafi? Tana nan, ba inda ta je. Yarinyar ta san abin da ke bakinta, ta maimaita shi sau ɗari kafin ranar, kuma ta san in ta yi tuntuɓe alƙali zai tunatar da ita ta gyara, ba mai ƙyalƙyala mata dariya. Addininmu ma bai san kunyar da ke hana neman sani ba. Uwar muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina ne saboda kunya ba ta hana su yin tambaya su fahimci addini ba.

Saboda haka abin da ke ɗaure bakin yaranmu a ajin Turanci yana da wani suna daban. Sunansa tsoro. Ba mu kaɗai muke fama da shi ba. A 1986 wata malama a Jami'ar Texas ta Amurka, Elaine Horwitz, da abokan aikinta biyu suka wallafa bincike a kan fargabar da ke kama mai koyon baƙon harshe a cikin aji, har suka tsara tambayoyi 33 na auna ta, waɗanda masu bincike ke amfani da su har yau a ƙasashe da dama. Ɗaliban da suka yi nazari a kansu manya ne 'yan jami'a, ba bulala a kansu, amma wasu suna gumi, zuciya na bugawa, abin da suka sani sarai ya ɓace musu da zarar an kira sunansu. Cikin jijiyoyin wannan fargaba da masu binciken suka ambata akwai tsoron abin da mutane za su ce a kanka. Idan ɗan jami'a a Amurka na jin haka, ina ga ɗan shekara goma sha biyar a Bichi ko Funtuwa, wanda muryarsa ke fashewa, gashin baki ya fara tsiro masa, kuma ba abin da ya fi tsada a duniyarsa kamar mutuncinsa a idon sa'o'insa?

Ku duba tarkon da yaron nan yake ciki. In ya buɗe baki ya yi kuskure, aji ya ɗauka gaba ɗaya: ya kwafsa. Wata ƙila kalmar da ya karya ta zama sunansa har ya gama makaranta. In kuma ya daure ya yi Turancin ya fita tas, a waje a tare shi: ga Bature nan, iyayi ya yi masa yawa. Gaba kura, baya sayaki. Yaro mai wayo ya auna ya ga shiru ne kaɗai ba ya jawo masa komai, sai ya yi shirun. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, lissafi ne, kuma mu manya ne muka bar farashin magana ya yi tsada haka.

Akwai wani yaro da har yau nake tunawa. Daga ƙauye ya zo, yana ajin farko na babbar sakandare, wata rana ya ɗaga hannu da kansa don ya ba da labarin gonar mahaifinsa. Yana cikin magana ya sa sautin "p" inda ya kamata ya sa "f", aji ya fashe da dariya. Maimakon in tsawata wa masu dariyar, sai na tsayar da shi na sa ya maimaita kalmar sau uku yana tsaye, a ganina gyara nake yi masa. Ya maimaita, ya zauna, labarin gonar bai ƙarasa ba. Har shekarar ta ƙare bai sake ɗaga hannu ba. Ni na rufe bakin nan da hannuna, kuma ina roƙon Allah Ya yafe mini.

Da na san abin da na sani yanzu, da na fara gaya wa ajin dalilin wannan kuskure. Hausa sauti ɗaya take da shi a wurin da Turanci ke da biyu, shi ya sa kalmomin da muka aro masu farawa da "p" duk suka koma fensir, famfo, fasinja, fetur. Ba mu da "v", sai muka ce direba da talabijin. Harshenmu ba ya son baƙaƙe su yi cunkoso ba wasali a tsakani, sai muka ce burodi da buroshi. Wannan dokar harshe ce da yaro ya sha a nono, kuma kowace al'umma tana da irin tata. Bafaranshe yakan tsufa bai daidaita wasu sautukan Turanci ba, ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi jawabinsa, a tafa masa. Yaro in ya ji wannan bayani, sai ya daina ɗaukar kansa mai naƙasa, masu dariyar ma jikinsu ya yi sanyi, don sun san tuwon nan ɗaya suka ci.

Sai kuma tsohuwar al'adar nan ta takardar monita. A makarantu da yawa, musamman masu zaman kansu da na kwana, ana naɗa yaro ya riƙa rubuta sunan duk wanda aka ji yana Hausa, a ci shi tara ko a zane shi a gaban taro. Niyyar masu yi mai kyau ce, suna so yara su saba. Amma abin da yaro ke koya shi ne buɗe baki hatsari ne: Hausa ta jawo bulala, Turanci ya jawo dariya. Na ga yaran da wannan doka ta mayar bebaye daga safe har a tashi. Ban taɓa ganin wanda ta mayar mai fasaha ba.

Jarrabawa ma ta ba da tata gudunmawa. Kowa ya san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma a jarrabawar JAMB Turanci ne darasin da ba wanda ke tsallake shi. A jarrabawar WAEC akwai takardar da ake kira ta gwajin furuci. To yaya ake amsa ta a Najeriya? Da fensir. Tambayoyi 60 ne na zaɓi ɗaya cikin huɗu, yaro ya yi ta cike gurbi yana nuna wace kalma ce sautinta ya yi daidai da wace, bai furta ko ɗaya ba. Malami kuwa abin da za a tambaya yake koyarwa. Sai a wayi gari yaro ya haddace alamomin sauti, ya ci kiredit, amma bai taɓa yin minti biyu cur yana magana da Turanci ba a rayuwarsa. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ranar tana zuwa a jami'a in an ce ya fito ya kare aikinsa gaban malamai, tana zuwa a sansanin bautar ƙasa, tana zuwa ranar da ya zauna gaban masu ɗaukar aiki a Abuja ko Legas. Mun sha ganin yaronmu wanda takardarsa ta fi ta kowa kyau ya fito hannu rabbana, wani wanda bai kai shi sani ba amma bakinsa a sake ya tafi da aikin. Wannan abu yana ci mini rai.

Wani zai ce ai in yaro yana jin Turanci kullum daga bakin malamai, magana za ta zo da kanta. An gwada wannan a Kanada. An ɗauki yara masu Turanci a gida aka riƙa koya musu darussa da Faransanci shekara da shekaru. Suka iya ji da karatu kusan kamar 'yan asali, amma maganarsu da rubutunsu ba su kai haka ba. Wata mai bincike, Merrill Swain, ta yi bayani a 1985 cewa ji kaɗai ba ya wadatarwa, sai mai koyo ya matsu ya haɗa jimla da kansa, a nan ne yake gano abin da bai iya ba. Mu ma mun san wannan ba tare da littafi ba. Ɗan kasuwarmu da ya sauka Agege ko Sabo ta Ibadan, shekara ɗaya Yarabanci ya zauna a bakinsa. Na Zangon Kumasi haka yake da harshen Asante. Bai shiga aji ba, bai san nahawu ba. Yana da buƙata, yana da wanda zai yi magana da shi, kuma in ya karya kalma mai sayen goro ba ya tsayar da ciniki ya ce maimaita sau uku.

To, me malami zai yi, ga aji ya cika maƙil, ga ba kayan aiki?

Abu na farko da na ga amfaninsa da idona shi ne rage 'yan kallo. Mu yi lissafi. Darasi minti 40 ne. A ce yara 80 ne a ajin, kuma mun san akwai azuzuwan da suka wuce haka. Ko malam bai ce uffan ba, ya raba lokacin daidai wa daida, kowane yaro rabin minti zai samu, kuma zai yi wannan rabin mintin ne idanun mutum 79 a kansa, ban da na malam. Amma in malam ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi, mutum biyu-biyu, bakuna 40 ne ke motsi a lokaci guda. Minti goma kacal, kowane yaro ya samu minti biyar, ninki goma ke nan na abin da zai samu a da, kuma mai sauraronsa mutum ɗaya ne, abokin bencinsa. Hayaniyar da ta cika ajin ita ce labulensa, ba mai jin kuskurensa. Bayan ya faɗa wa mutum ɗaya, sai a haɗa su huɗu-huɗu. Sai can daga baya, in maganar ta riga ta bi bakinsa sau biyu sau uku, a nemi wani ya faɗa wa aji. A makarantar da maza da mata ke haɗe, a bar mace da mace, namiji da namiji. Yarinyar da ba za ta iya haɗa ido da namiji ba bai kamata a ɗora mata kaya biyu a rana ɗaya ba.

A nan ina da roƙo ga shugabannin makarantu. In kuka wuce ta taga kuka ji ajin Turanci ya kaure da surutu, kada ku shiga kuna yi wa malami faɗa cewa ya kasa riƙe aji. Ku tsaya ku saurara tukuna. Ajin koyon magana da ya yi tsit shi ne ya kamata ya tayar muku da hankali.

Akwai kuma maganar jira. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta yi shekaru tana naɗar darussa a faifai tana auna tsawon shirun da malami ke yi bayan ya yi tambaya. A farkon shekarun 1970 ta bayyana cewa yawanci daƙiƙa ɗaya ce ko kusa da haka, daga nan sai malam ya amsa da kansa ko ya koma kan wani yaro. Da aka horar da malamai su riƙa jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ake yi wa kallon ba su ja suka fara magana. Wannan fa a harshen da aka haifi yaran da shi ke nan. Namu yaron sai ya ji tambayar, ya fahimce ta, ya nemo amsa da Hausa, ya lalubo kalmomin Turanci, ya jera su, sannan ya tattaro ƙarfin hali. Duk a daƙiƙa ɗaya? Malam ya yi tambaya, ya ce kowa ya yi tunani, ba ɗaga hannu tukuna. Ya bar su su rubuta kalma uku huɗu a gefen littafi. Wannan ba ya cin ko sisin kwabo.

Sannan mu duba abin da muke cewa su yi magana a kai. Yaron da bai taɓa ganin teku ba a ce ya yi bayanin hutu a bakin teku, an haɗa masa jahilci biyu. Ka tambaye shi yadda ake liƙin taya, ko yadda ake kiwon tantabaru, ko me ya sa ƙungiyarsa ta sha kashi ranar Asabar. Ka tambaye ta yadda ake dama fura, ko yadda ake ƙunshi, ko ta ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Turanci. A nan yaro shi ne masani, kalmomi kawai yake nema, kuma wanda ke da abin faɗa yakan manta da tsoro. In sun so su fara tsara maganar da Hausa tsakaninsu, a bar su, minti biyu sun isa. Hausar tsani ce a nan, da ita za su hau.

Wata dabara da na fi so ita ce ta ba da labari ɗaya ga mutum uku. Yaro ya ba abokinsa labari cikin minti huɗu, ya sauya aboki ya sake ba da shi cikin minti uku, ya sake sauyawa ya ba da shi cikin minti biyu. Ga masu farawa a rage lokacin. A karo na uku za ka ji inda-inda ta ragu, jimloli sun fara gudu, kuma yaron da kansa yana jin bambancin. Maimaici ne irin na allo, wanda muka gada, sai dai mai sauraro ne ke sauyawa don kada ya gundura.

Kuma mu tuna da tashe. Yaron da ba ya iya gaishe da baƙo ba tare da ya sunkuya ba, watan azumi ya kai kwana goma ya liƙa gemun auduga, ya cusa tsumma a riga, ya shiga gidan mutane yana wasa ba ko gezau. Me ya sauya? Ya shiga rigar wani. In an yi dariya, tsohon ake yi wa, ba shi ba. A kawo wannan cikin aji. Wannan mai shago ne a Kantin Kwari, wannan baƙuwa ce daga Fatakwal da ba ta jin Hausa, a yi cinikin atamfa. Wannan likita, wannan mai jinya. Wannan ɗan jarida, wannan kocin da aka ci ƙungiyarsa. Na ga yarinyar da ba ta taɓa cewa ƙala ba ta zama 'yar kasuwa mai tsada har aka rasa mai iya taya ta. Amma a tabbata akwai abin da ɗaya ya sani ɗayan bai sani ba, kamar farashin da mai shago ba zai sauka ƙasa da shi ba da kuɗin da ke jakar mai saye, don maganar ta zama ta neman wani abu da gaske.

Gyara fa? Dole a yi gyara, in ba haka ba kuskure ya zauna daram. Lokacinsa ne abin lura. Yaro yana tsakiyar magana, a bar shi ya kai ƙarshe. Malam ya riƙa zagayawa yana rubuta abin da ya ji, in an gama ya ɗora kurakurai huɗu ko biyar a allo ba tare da sunan kowa ba, aji duka su gyara tare. Dokar da za a kafa tun ranar farko kuma a tsaya a kanta ita ce ba a yi wa mai magana dariya. Wannan ita ce ta cancanci monita, ba ta hana Hausa ba.

Ban manta ba, akwai yaron da shiru halittarsa ce, ko a gida ba mai yawan magana ba ne. Akwai mai i'ina, akwai wanda kunnensa ba ya ji sosai ba a gano ba. Irin waɗannan ba a yi musu dirar mikiya. Malam ya raɗa masa tun kafin darasi cewa tambaya kaza zan yi maka, ka shirya. Ya fara da jimla ɗaya yana zaune. In akwai waya a gidansu, ya naɗi muryarsa na rabin minti a turo ta WhatsApp ɗin iyaye, ba mai ji sai malam. Ba so muke mu mayar da shi maroƙi ba. So muke ranar da magana ta zama dole ya iya yin ta. Ƙungiyar muhawara ta makaranta ba za ta yi wannan aiki ba, don ita zaƙaƙurai biyar take ɗauka ta ƙara wasa su, a je gasa a ciwo kofi, sauran ɗaruruwan suna nan yadda suke.

Wata gaskiya kuma mai ɗaci, malamai da yawa su ma tsoron nan suke ji. Su ma haka aka koyar da su. Shi ya sa malam ya fi sakewa in yana rubuta dokokin nahawu a allo ana kwafa, don allo ba ya kama kuskuren furuci. Ban faɗi haka don in ci fuskar kowa ba, abokan aikina ne, na san albashinsu, na san yawan yaran da ke gabansu. Amma kwalejojin horon malamai da ma'aikatun ilimi su sani, wanda bai saba magana ba ba zai sa wani ya yi ba. Ana ta kai-kawo a kan manufa: a watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamba na 2025 ministan ilimi ya sanar da an soke wannan an koma Turanci. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma, inda yara ke fara Turanci a sakandare bayan Faransanci, a 2025 sabon kundinsu ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Turanci da Faransanci harsunan aiki. Kowace takarda aka sa wa hannu a Abuja ko Yamai, bakin yaro a cikin aji yake buɗewa ko ya rufe.

Ga masu fargabar Turanci zai cinye Hausar 'ya'yansu, ku tuna da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ɗan ƙauye ne a ƙasar Bauchi, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a makarantar midil ta Bauchi. Shi ne ya tsaya ranar 1 ga Oktoba, 1960 ya yi jawabin 'yancin kai da Turancin da ya sa ake yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, kuma shi ne dai ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, shi ma tsohon malamin makaranta ne, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma duk wanda ya ji shi yana Hausa ya san bai yar da ko ƙwayarta ba. Ba da Turanci aka yi musu zanen suna ba. Koya suka yi, da baki.

Iyaye, naku aikin ba wuya. In yaro ya dawo yana gwada Turancinsa a tsakar gida, kada a bari yayyensa su mayar da shi abin tsokana. Ko ba kwa ji, ku ce ya faɗa, sannan ya fassara muku.

Kai kuma ɗana, ke kuma 'yata, da kuke ji na yanzu, na san abin da ke cikin kanku ya fi abin da ke fitowa. Wanda ya yi muku dariya shi ma tsoron ne ke cin sa.

Malam, Malama, gobe in Allah Ya kai mu, in kun shiga aji ku karɓi takardar nan daga hannun monita ku ajiye. Ku yi tambaya a kan abin da yaran suka sani, ku ƙirga uku a zuci kafin ku kira kowa, ku ce kowa ya juya ya faɗa wa na kusa da shi. In wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu zai ba da labarin gonar babansa, don Allah ku bar shi ya ƙarasa.